Yadda Ake Renon Furen Wardi a Ƙungiyance, Daga Dashe Zuwa Ranar Gasa

Abin da ya fi kashe wa masu sha'awar wardi gwiwa a ƙasar Hausa shi ne bin lissafin lokacin da ba nasu ba. Littattafan lambu na Turai za su ce a yi wa wardi aski a ƙarshen sanyi, wajajen Fabrairu ko Maris, domin a can itacen barci yake yi tsawon watannin ƙanƙara, sai ya farka cikin yanayi mai daɗi. Mu kuwa Maris ƙofar bazara ce. Wanda ya aske wardinsa a wannan wata a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, sabon tohon zai fito ya tarar da ranar Afrilu, ya ƙone tun bai kai ko'ina ba. Wardinmu ba ya barci, kuma lokacin da ya fi sakewa shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, sa'ad da dare ke da sanyi kuma babu ruwan sama mai ruɓar da ganye. Duk aikin da za a bayyana a nan, daga hunturu ake auna shi.

Ku fara da tsayar da rana

Mutum ɗaya zai iya shuka wardi a tsakar gidansa, amma zai daɗe yana lalube. Mutum goma masu lambu goma kuwa, a shekara ɗaya sai su gano irin da ke jure ƙasar garinsu da wanda ba ya jurewa. Haka manyan ƙungiyoyin wardi suka faro: ta Ingila an kafa ta a 1876, ta Amurka a 1892, kuma gasa ce ta riƙa haɗa kan mutanensu. Ku ma ba sai kun jira ofis ko rajista ba. Ku zaɓi shugaba da ma'aji da magatakarda, ku yanka ɗan kuɗin wata-wata, ku sayi kayan da bai kamata kowa ya saya daban ba: almakashin yankan reshe guda biyu masu kyau, injin feshi na goyo, da babban littafin rubutu. Zaman wata ya riƙa zagayawa lambu-lambu. Matan da ke reno a cikin gida kuma ba sa fita zama, a saka su a zauren WhatsApp na ƙungiya, su turo hoto a ba su shawara. Da yawa daga cikin wardin da ya fi samun kulawa a tsakar gida yake, kusa da randa.

A zaman farko ku tsayar da ranar gasa. Tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu ya fi dacewa. Idan yanzu za ku fara dashe, gasarku ta farko ta hunturun baɗi ce, domin itacen da bai shekara a ƙasa ba bai kamata a riƙa yanke masa dogon reshe ba.

Wane iri za a nema

Iri biyu ne suka fi yawa a hannun masu sayar da furanni. Akwai mai fitar da babban fure guda a kan dogon reshe, wanda asalinsa ake dangantawa da La France da Jean-Baptiste Guillot ya fitar a Faransa a 1867. Shi ne sarkin teburin gasa; cikinsa akwai Peace da Mister Lincoln da Double Delight. Sai mai gungu, wanda ke fitar da furanni da yawa a reshe ɗaya, irin su Iceberg fari da gidan Kordes na Jamus ya fitar a 1958. Ga mai farawa a gari mai zafi, ni Iceberg zan ce ya fara nema, sai Queen Elizabeth mai ruwan hoda, domin suna da juriya. Jajayen da suka yi duhu sosai suna da ƙamshi, amma rana takan ƙone gefen furensu.

Alhazai da yawa sukan dawo da sha'awar wardin Ɗa'ifa, wanda ake tatsar turare da ruwan wardi daga gare shi. A sani cewa Ɗa'ifa tana kan tudu sama da mita 1,800, kuma wannan iri sau ɗaya yake fure a shekara, bayan ya sha sanyi. A Jos, mai tsayin mita 1,200 da 'yan kai, ko a Mambila, ana iya gwadawa. A Kano ko Damagaram zai iya yin ganye shar ya hana ka fure.

Jos ce babbar kasuwar dashe, amma tsiron da aka ɗauko daga can sai an ajiye shi a inuwa mako ɗaya zuwa biyu ya saba da zafi kafin a dasa. Wanda ya fi wannan kuwa shi ne tsohon wardin da ke raye a garinku: a tsofaffin gidajen gwamnati, a harabar makarantu, a gidan wata tsohuwa da ta shekara ashirin tana zuba masa ruwa. Wannan ya riga ya ci jarrabawar bazara. A nemi izini a yanko reshe.

Wuri da rami

Wardi yana son rana ta kusan awa 6. A wurinmu ranar safe ake nufi, daga hantsi zuwa azahar, sannan inuwar gini ko ta bishiya ta rufe shi da la'asar. Kada a dasa shi a jikin katangar siminti mai kallon yamma, zafin da take fitarwa da dare ma ya ishe shi. Kada kuma a kai shi gindin darbejiya ko mangwaro, saiwarsu za ta shanye masa ruwa. Kafin komai a yi shinge, domin akuya ba ta tsoron ƙayar wardi.

A haƙa rami mai faɗin santimita 50 da zurfin haka, a bar tazarar santimita 60 zuwa 75 tsakanin rami da rami. A cika shi da ruwa a gani: idan ya kwana bai tsotse ba, ƙasar ta cika laka, sai a ɗaga kunya a dasa a samanta. A gauraya ƙasar saman da aka haƙo da kashin shanu wanda ya ruɓe ya koma baƙi, kashi biyu na ƙasa, kashi ɗaya na taki. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, kuma takin da bai ruɓe ba gara yake kira. Wardi ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, saboda haka a guji zuba masa toka da yawa ko ruwan wanki.

Lokacin dashe mafi kyau shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa Nuwamba, don saiwa ta kama cikin sanyi kafin zafi ya iso. A yi shi da yamma. A yaga ledar ba tare da an fasa ƙasar ba. Idan tsiron mai aure ne, wato an ɗora shi a kan gindin wani iri, za a ga wani kumburi a gindinsa inda aka haɗa shi. A bar wannan wurin sama da ƙasa kamar yatsa biyu. A danna ƙasa, a yi masa ɗan kwano a kewaye, a ba shi ruwa sosai.

Ban ruwa da safe ake yi, a gindi, ba a kan ganye ba. Gara a ƙosar da shi sau biyu ko uku a mako da a riƙa yayyafa masa kullum, sai dai a bazara ko ga wanda ke cikin tukunya, nan kam kullum ne. A shimfiɗa buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa a kewaye don riƙe laima, amma kada ta taɓa jikin itacen, kuma a riƙa ɗagawa ana duba gara. Takin zamani, irin 15-15-15 da aka saba, cokali ɗaya zuwa biyu ya isa ga itace babba, a barbaɗa nesa da gindi a bi da ruwa, duk bayan mako 4 zuwa 6. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa saukar ruwa a dakatar.

Aski

Nan ne gasa take ci ko ta faɗi. Daga ranar da aka yi wa wardi aski zuwa ranar da zai buɗe fure, kwana 45 zuwa 60 ne, gwargwadon iri da kuma sanyi. Idan hunturu ya yi tsanani yakan ƙara jinkiri. To sai a ƙirga baya. Gasar tsakiyar Disamba tana nufin aski a makonni biyu na ƙarshen Oktoba, wanda ya yi daidai da ɗaukewar ruwa. Mai itatuwa da yawa kada ya aske su rana ɗaya. Ya kasa su uku, ya bar kwana biyar tsakani, ko da lissafi ya goce wani kashin zai dace da ranar.

A wasa almakashi, a goge shi da sifirit, kuma a riƙa sake gogewa in za a koma wani itacen, don cuta ta hanyar ƙarfe take yawo. A fara da abin da ba ya buƙatar shawara: busasshen reshe, mai baƙin tabo, wanda ya karye. A bi da waɗanda ba su kai kaurin fensir ba, da waɗanda suka gitta suna gogar juna, da masu shiga ciki. Abin da ake so ya rage shi ne manyan rassa 3 zuwa 5 masu ƙarfi, sun buɗe waje kamar ƙwarya, iska na ratsa tsakiya.

Sai rage tsawo. A ƙasa mai zafi ba a yi wa wardi ƙwal-kwabo, domin bai tara abinci ya yi barci ba, da ganyensa yake rayuwa. A cire kashi ɗaya cikin uku, iyaka rabi. A kowane reshe a nemi ido, wato ɗan kumburin da ke saman inda ganye ya fito, a zaɓi wanda ke kallon waje. A yanka sama da shi da rabin santimita, a karkace, gangaren yana kallon bayan idon don raɓa ta zurare. A duba cikin yankan: in fari ne, lafiya, in ruwan ƙasa ne, a ƙara sauka har a sami fari. Babban yanka a ɗiga masa farin gam na kafinta, yana hana ƙwaro mai huda shiga. Reshen da ya fito daga ƙasan wurin aure na uwar gindi ne, ba zai ba da furen da aka saya ba, kuma zai shanye ƙarfin na sama. A tone a bi shi har tushe a fizge, in an yanke kawai dawowa zai yi. Daga nan a share ganyen da ya zuba a ƙone, a zuba taki, a ba da ruwa.

Wardi mai hawa katanga ba a yi masa wannan askin. Dogayen rassansa kwantar da su ake yi a ɗaure, a rage ƙananan da suka fito a jikinsu kawai.

Sauran watanni aikin ɗan kaɗan ne: duk furen da ya yi yaushi a yanke shi sama da ganye mai ƙananan ganyayyaki biyar da ke kallon waje. A damina baƙin tabo ne abokin gaba, ganye ya yi ɗigo-ɗigo ya koma rawaya ya zube. A tsinke a ƙone, in ya yi yawa a yi feshin maganin fumfuna. A hunturu kuma darɓa ce a kan sabon toho, da wasu jajayen ƙwari ƙanana masu saƙa a bayan ganye, waɗanda ƙura da bushewa ke ƙara wa yawa. A wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi da safe, a fesa jiƙon dakakkun 'ya'yan darbejiya da ɗan sabulu da yamma.

Yawaita irin da ake da shi

Hanya mafi sauƙi ita ce dasa reshe. A yanko wanda furensa bai daɗe da zubewa ba, mai kaurin fensir da tsawon santimita 15 zuwa 20, a bar ganye biyu na sama, a soka rabinsa cikin yashi mai laima da aka gauraya da ɗan taki, a kifa masa yankakkiyar robar ruwa, a ajiye a inuwa. Cikin wata ɗaya zuwa biyu mai kamawa zai kama. Irin da ya ƙi wannan hanya sai a yi masa aure, kuma duk wanda ya iya auren mangwaro ko lemo ya iya wannan: a tsaga ɓawon uwar gindi mai juriya, a ɓanɓaro ido ɗaya daga irin da ake so, a zura, a naɗe da leda a bar idon a waje. In bayan mako uku yana nan kore, ya kama, sai a datse uwar daga sama. Ƙungiya za ta iya gayyatar malamin gona ya nuna wannan da hannu. Akwai masana a Kwalejin Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa a Gombe da sassan aikin gona na jami'o'inmu.

Fitar da sabon iri

Reshe da aure duk kwafin itacen da aka yanko suke bayarwa. Sabon iri galibi daga ƙwaya yake fitowa, kuma a ganina wannan ne aikin da ya fi cancanta ƙungiya ta sa a gaba. Kusan duk wardin da ke kasuwarmu an zaɓe shi ne don yanayin Turai da Amurka. Wanda zai jure Afrilun Katsina, mu ne za mu neme shi.

A lura da itacen da ke ƙulla 'ya'ya da kansa idan an bar furensa, shi za a mai da uwa. Queen Elizabeth tana da wannan hali. Uba kuma a zaɓe shi don abin da ake nema, ƙamshi ko launi ko juriya. Hunturu ne lokacin aikin, domin tsananin zafi yana hana ƙulli.

Da yamma a tsinko furen uba wanda ya kusa buɗewa, a cire zaren nan masu rawayan kai da ke tsakiyarsa a zuba a busasshen kofi, a bar shi ya kwana a ɗaki. Da safe za a ga bununi ya zubo, gari mai laushi. A wannan yammacin dai, a je ga furen uwa da bai buɗe ba tukuna, a cire fatun furen duka, a tsinke nata zaren masu bununi ɗaya bayan ɗaya da hantsaki ko ƙaramin almakashi, kada a bar ko guda, in ba haka ba za ta yi wa kanta barbara. Abin da zai rage shi ne curin tsakiya. A rufe shi da ambulan takarda, ba leda ba. Washegari idan kan curin ya yi danƙo, a dangwali bununin da ɗan yatsa mai tsabta ko burushi mai laushi a shafa, a mayar da rufin na 'yan kwanaki. A rataya alama mai sunan uwa, sannan uba, da kwanan wata, kuma a shigar a littafin ƙungiya.

Idan ta ɗauka, gindin furen zai kumbura, ya nuna cikin wata 3 zuwa 4, ya koma ja ko ruwan lemo. A fasa, a wanke ƙwayoyin, a naɗe su a tsumma mai ɗan laima cikin leda. Ƙwayar wardi ba ta cika tsirowa ba sai ta ji sanyi na mako 6 zuwa 10, saboda haka firji za ta shiga, ɓangaren kayan miya, ba na ƙanƙara ba. Firjin da ke mutuwa kullum ba zai yi ba. A tara na kowa a gidan ɗan ƙungiya mai sola. Bayan nan a shuka a kasko cikin ƙasa mai sauƙi, zurfin santimita ɗaya, a wurin da ruwan sama ba ya duka. Kaɗan ne za su tsiro, kuma wasu za su yi furen farko tun suna 'yan watanni biyu. Yawancinsu ba za su kai iyayensu ba, a cire su ba tare da tausayi ba. Wanda ya nuna alama a bar shi ya ratsa bazara biyu kafin a yi maganar suna. Peace kansa a 1935 Francis Meilland ya haɗa shi, sai 1945 ya sami sunan da duniya ta san shi da shi.

Makonnin ƙarshe da ranar gasa

Mako uku kafin rana, a duba rassan da za a kai. Mai fure guda yakan fitar da ƙananan ƙullutu a gefen babban. A murje su da yatsa tun suna ƙanana don ƙarfi ya tafi ga ɗaya, kuma tabon ya warke. Mai gungu akasin haka ne, na tsakiya ake cirewa don sauran su buɗe tare. Itacen da ke renon 'ya'yan barbara ba a yanko na gasa daga gare shi.

A yanka da asuba ranar gasa, ko da yammacin jajibiri, da bokitin ruwa a hannu, reshe na barin itace yana shiga ruwa. Furen da ake so shi ne wanda ya buɗe rabi zuwa kashi uku cikin huɗu, tsakiyarsa a tsaye da tsini, in an leƙa ta sama a ga da'ira. A tuna zai ci gaba da buɗewa a hanya, don haka a yanko wanda ya ɗan gaza haka, da wasu na ko-ta-kwana. A cire ganyen da zai nutse a ruwa kawai, a goge sauran da tsumma mai laushi. Ba a shafa mai. A huda kwali a rufe bokitin, kowane reshe da raminsa, a yafa mayafi mai laima saboda ƙura.

Ma'aunin da ƙungiyar Amurka ke amfani da shi yana da sauƙin aro: siffa maki 25, launi 20, reshe da ganye 20, ƙarfi da ɗanyantakar fure 15, daidaito 10, girma 10. Girma ne na ƙarshe, kuma ya kamata a faɗa wa mutane haka tun da wuri, don kowa katon fure yake fara ɗaukowa. Ku raba rukuni: fure guda, gungu, uku iri ɗaya, mafi ƙamshi, na sababbin shiga, na yara, da na wanda ɗan ƙungiya ya fitar daga ƙwaya. Kwalabe su zama iri ɗaya, sunan mai fure a ninke a ƙarƙashi, alƙalai kuma daga waje. Doka ɗaya kada a sassauta ta: sai itacen da ya yi aƙalla wata shida a hannun mutum, in ba haka ba wani zai sayo a jajibiri ya karɓe kyautar wanda ya shekara yana ban ruwa. Wadda ba za ta halarta ba, ɗanta ko ƙaninta ya kawo da sunanta.

Bayan an raba kyaututtuka, alƙalai su bi tebur su faɗi dalilin kowane hukunci, magatakarda ya rubuta ranar da aka aske kowane itace da ranar da ya buɗe. Wannan ne zai gyara muku lissafin baɗi. Waɗanda suka ci su ba da rassa a raba, kowanne da sunansa a jiki. Daga tsakiyar Fabrairu kuma a ƙara kaurin ciyawar gindi, a kafa rumfar zana ko raga ta ɓangaren yamma, a daina taki, a bar wa itacen duk ganyensa har ruwa ya sauka.